A ba ɗalibi ikon tsayar da abin da ke motsi a darasinsa

Amsar da masu shirya kwas ɗin nan na horar da malamai ta intanet suka bayar jiya a zaurenmu na WhatsApp ba amsa ba ce. Wata malama ta ce rubutun da ke tsalle da launukan da ke walƙiya a kowane shafi suna sa ta jiri da ciwon kai har ta kasa kammala darasi, sai aka ce mata wai an yi hakan ne don a ƙayata karatu, kuma ita kaɗai ce ta koka. Ko ita kaɗai ce, ai ta biya kuɗin rajista kamar kowa, ta sayi data kamar kowa.

Duk abin da ke motsi a shafin darasi, wajibi ne ɗalibi ya iya tsayar da shi. Tun shekarar 2008 ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu bukata ta musamman amfani da shafukan intanet, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar, suka tanadi cewa abin da ya fara motsi da kansa har ya wuce daƙiƙa 5, a samar da hanyar dakatar da shi ko ɓoye shi, kuma kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya, domin yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. A watan Disamba na 1997 an kai ɗaruruwan yara asibiti a Japan bayan wani shirin talabijin ya nuna hasken ja da shuɗi yana walƙiya da sauri. Mu kuwa a nan Katsina mun san yadda mai farfaɗiya ke ɓoye larurarsa don gudun tsangwama da maganar iskoki. Wa zai fito cikin abokan aikinsa ya ce shafin nan na neman kayar da shi? Shirun sauran mutane ba shaida ba ce cewa suna lafiya.

Za a ce hoto mai motsi yana taimaka wa fahimta. Haka ne, idan ana nuna yadda jini ke zagayawa ta zuciya, amma can ma mai koyo yana bukatar ya tsayar, ya koma baya, ya sake kallo. Me tauraro mai juyawa a kusurwar shafi ke koyarwa? Mai raunin gani bai gama karanta jimla ba ta ɓace, makaho kuma da ke sauraro ta TalkBack, manhajar Android da ke karanta rubutun da ke kan waya da murya, ba ya jin komai idan an cusa rubutun cikin hoto ba tare da bayani ba. Maganar tsada kuwa a ajiye ta, domin wanda ya iya biyan kuɗin sa harafi ya yi rawa zai iya sa maɓallin tsayarwa. Wayoyin Android da iPhone duk suna da saitin rage motsi, abin da ya rage shi ne shafin ya mutunta zaɓin mai wayar.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, kuma haƙƙin ilimi yana cikinta. Idan aji ya koma cikin waya, haƙƙin ya bi shi can.

Ga kuma abokan aikinmu na Baure da Mashi da Jibiya, waɗanda shafin ma ba ya buɗe musu sai sun fita neman sabis saboda nauyin waɗannan hotuna. Ina roƙon masu shirya kwas ɗin su fitar da kowane darasi a rubuce zalla, da kuma muryar da za a iya saukewa a saurara, kafin ranar jarrabawa.