'Yan mazan jiya suna cikin gidajenmu, mu ne ba mu waiwaye su ba

Duk ranar 15 ga Janairu gwamnan Legas da manyan hafsoshi sukan hallara a dandalin Tafawa Ɓalewa. A busa begila, a yi tsit na ɗan lokaci, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru. A Abuja ma shugaban ƙasa yana yin irin wannan. Kafin azahar an watse. Da yake ranar ba ta hutu ba ce, a Agege da Mile 12 da Idi-Araba kasuwa tana ci kamar kullum, kuma da wuya ka ji wani Bahaushe ya ce yau ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ko da kuwa akwai tsohon soja kwance a ɗakin da ke kusa da nasa.

Ni a ganina mun yi sakaci da muka bar wa gwamnati wannan rana ita kaɗai. Gwamnati tana karrama soja ne a dunƙule, sojan da ba a san sunansa ba. Mu kuwa mun san sunan namu, mun san ƙafar da take damunsa in sanyi ya shigo, mun san watan da kuɗinsa ya makara. Karramawar da za ta kai gare shi daga gida za ta fito.

Idan akwai al'ummar da bai kamata ta ɗauki wannan rana a matsayin bikin wasu ba, to Hausawan Ikko ne. Rundunar sojan Najeriya da kanta tana lissafa asalinta daga 1863, lokacin da Baturen nan John Glover ya tara wata 'yar ƙaramar runduna ta Hausawa a nan Legas. Obalende tsohon mazaunin sojojin Hausawa ne tun zamanin Turawa. Shekaru da dama Hausa ce harshen da kurata daga ƙabilu dabam-dabam suke fahimtar juna da shi a bariki. A yaƙin duniya na biyu aka kwashi samari daga ƙauyukan Arewa, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can aka shigar da su dazukan ƙasar Bama (Myanmar a yau) su fafata da Japanawa a ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Barikokin da muke wucewa ta gabansu a cikin motar haya suna ɗauke da wannan tarihi: Arakan a Apapa, Myohaung a Yaba, Dodan a Obalende, duk sunayen wurare ne a Bama inda kakanninmu suka yi yaƙi. Garin Myohaung a watan Janairun 1945 suka ƙwace shi. Hedikwatar runduna ta 81 ta yau ma a nan Legas take. Yaro ya tashi a Obalende, ya girma, ya yi aure, bai taɓa jin cewa mai yiwuwa kakan babansa ya taka ƙasar da aka sa wa barikin unguwarsu sunanta ba. Wannan yana yi mini ciwo.

A da, ranar 11 ga Nuwamba ake wannan biki tare da Ingila da sauran ƙasashen da ta raina. An mayar da shi 15 ga Janairu ne saboda a ranar, cikin 1970, Philip Effiong, wanda ya riƙe jagorancin 'yan awaren Biyafara a ƙarshe, ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan, aka kawo ƙarshen yaƙin basasar da aka fara a watan Yulin 1967. Kafin yaƙin sojan ƙasar nan bai wuce mutum 10,000 da wani abu ba. Kafin a gama ya haura 200,000. Yawancin wannan ƙari daga gidajen talakawa aka samo shi, manoma da 'yan dako da 'yan makarantar da ba su gama ba, aka ba su horo na gaggawa aka tura su bakin daga. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 18 a 1967 yanzu ya haura 75. 'Yan Bama kuwa sai ɗaiɗai, in ma akwai. Bayan su ga waɗanda aka tura Laberiya daga 1990, da na Saliyo, da na Darfur, ga kuma waɗanda suka dawo daga yaƙin Boko Haram, wasu da ƙafa ɗaya, wasu jikinsu lafiya lau amma barci ya ƙaurace musu.

Na san dalilan da suke sa mutanenmu ja da baya, kuma ba na raina su. Ga ɗan Arewa, 15 ga Janairu tana da wani nauyin. A ranar ce cikin 1966 sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna, suka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a nan Legas suka kashe shi, tare da hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema. Wani dattijo zai ce maka shi ranar makoki ce a wurinsa, me zai kai shi ga bikin masu kaki. Wasu kuma ajiye furanni da sunkuyawa gaban gunkin soja ne bai kwanta musu a rai ba ta fuskar addini. Akwai kuma masu tabo a zuciya daga hannun sojoji: kisan 'yan Shi'a da sojoji suka yi a Zariya cikin Disambar 2015, da bom ɗin da jirgin soja marar matuƙi ya jefa wa masu Mauludi a Tudun Biri cikin Disambar 2023, ban da wulaƙancin yau da kullum a shingen bincike. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ibo da muke ciniki da su a Alaba su ma suna da nasu tabon, tun daga kisan gillar da sojoji suka yi a Asaba a 1967.

Amsata ita ce, tuna tsohon sojan gidanku ba wanke rundunar soja ba ne daga laifukanta. Kana iya neman a hukunta wanda ya yi kisan gilla da safe, da yamma ka je ka gaida kawunka da ya bar yatsu biyu a Onica. Maimalari da Largema ma ai sojoji ne, kuma a bakin aiki aka kashe su, don haka mai makokin 1966 bai fita daga ma'anar ranar ba. Batun furanni kuwa, babu wanda ya ɗora mana su. Cikin shirin gwamnati kanta akwai addu'a a masallacin Juma'a da kuma coci. Muna da tamu hanyar da muka gada: ziyara, addu'a, sadaka, saukar Alƙur'ani ga wanda ya rasu. Zumunci a ƙafa yake. Ba a buƙatar izinin kowa kafin a dafa tuwo a tara 'ya'ya da jikoki a ɗakin tsoho.

Abin da na fi so a yi a wannan zama shi ne a tambaye shi, a kuma saurara. A unguwarmu a Agege akwai wani tsohon saje da ya yi Laberiya, yanzu yana gadin wani sito a Apapa. Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardar sallamarsa a naɗe cikin leda, da lambobin yabo da zarensu ya koɗe, da wani hoto da ya ɗauka da abokansa, kowa riƙe da bindiga, dukkansu ramammu. In ya ɗauko hoton yakan bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya: wannan ɗan Zuru ne, wannan Tibi ne, wannan Bayarabe ne daga Ogbomosho, wannan bai dawo ba. Sunayensu duk yana riƙe da su, har da lambar wasunsu. 'Ya'yansa sun san akwatin, suna ganin tarkacen Baba ne. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. A nan ƙiwuyar ta fi yawa, domin tsohon ba ya rowar labari, mai tambaya ne babu.

Yanzu ko wane gida akwai waya mai ɗaukar murya. Jika ya durƙusa ya ce, "Kaka, a ina aka fara kai ku? Wa ya raka ka tasha ranar da za ka tafi?" Daga nan labari zai warware da kansa. A rubuta sunan bataliyarsa, da garuruwan da ya bi, da sunayen waɗanda suka faɗi a gefensa. Wataƙila a wani ƙauye a Zuru ko Biu akwai iyalin da har yau ba su san inda nasu ya kwanta ba, kuma wannan tsoho shi kaɗai ya rage da ya sani. Sai dai a kula. Kada a tambaye shi mutum nawa ya kashe. Tambaya ce ta rashin tarbiyya, kuma tana tayar da abin da ya yi shekaru yana dannewa. In ya yi shiru a tsakiyar magana a bar shi. In kuma an ga yana firgita cikin dare, ko ƙarar knockout ɗin yara lokacin Kirsimeti tana sa shi rawar jiki, ko ya koma shaye-shaye, to ba taurin kai ba ne, ba kuma lallai aljanu ba ne. Ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, ana kuma samun sauƙinsa. A haɗa addu'a da asibiti.

Matan da aka bari su ne aka fi mantawa. Soja ya rasu a Borno, bayan ɗan lokaci dole iyalinsa su tashi daga gidan bariki, matar ta koma haya a Ojo ko Ijora da yara huɗu, tana sayar da abinci a bakin titi tana jiran haƙƙin mijinta. Sarakunan Hausawa na unguwanni da kwamitocin masallatai sun san waɗannan gidaje. Da za a ware Juma'ar da ta gabaci 15 ga Janairu a yi musu tarbace, a biya wa yaro ɗaya kuɗin makaranta na zango, da ya fi bajon tunawa da manya suke maƙalawa a ƙirji amfani a wurinsu. Ba ina hana sayen bajon ba ne. An ce kuɗinsa don tsofaffin sojoji da iyalansu ake tarawa, mai hali ya saya. Amma kuɗin da ka miƙa hannu da hannu ka san inda ya sauka.

Kada wani ya ɗauka ina sauke wa gwamnati nauyinta ne. Mun sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu, mutanen da ya kamata a ce suna gida jikoki na matsa musu ƙafa. Abin kunya ne ga ƙasa, kuma ya kamata mu riƙa faɗa da babbar murya. Cibiyar da ke Oshodi tana koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'o'i, abu ne mai kyau, amma sana'a ba jari ba ta hana mutum komawa gadi.

Ko a wannan fagen akwai abin da iyali za su iya. Yawancin wahalar fansho a kan takarda take tsayawa: suna ya bambanta tsakanin takardar sallama da asusun banki, ranar haihuwa ta saɓa da ta katin ɗan ƙasa, lokacin tantancewa ya zo tsoho bai ji ba saboda a intanet aka sanar. Ɗan gidan da ya iya boko ya zauna da shi a wannan rana su buɗe akwatin, a ɗauki hoton kowace takarda a adana, a duba ko yana da rajista da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji mafi kusa, a tabbatar katin asibitinsa yana aiki. Ga wanda yake bakin aiki har yanzu, a tambaye shi sunan wa ya rubuta a matsayin magajinsa. Da yawa sun rubuta sunan uba ko wa tun suna kurata, suka yi aure suka haifi 'ya'ya ba su canza ba, sai bayan rasuwa rigima ta ɓarke tsakanin matar da dangin miji. Gyara wannan yana hannun sojan ne tun yana raye, kuma in ba a tuna masa ba, ba zai tuna ba.