Ana tuɓe mana takalmi a ƙofa, bayan fili kuwa a buɗe

Wallahi abin nan ya ishe mu. Ɗan Zariya in tafiya ta jirgin sama ta kama shi, sai ya yi sammako ya bar gari, don babu jirgin fasinja da zai ɗauke shi daga gida. Ya sha hanya, ya isa fili a gajiye, sannan a fara: a buɗe but ɗin mota a geti, a zazzage jaka a kan teburi, a wuce da ita ta na'ura, a sake zazzage ta a gaba. A wani fili da na bi kwanan baya, wata dattijuwa ce a gabana, tsohuwa tukuf, an sa ta cire takalmi, ta tsaya ƙafa ba komai a kan tayil, babu ko benci da za ta zauna. Ma'aikacin yana ta "Hajiya, yi sauri", ita kuwa tana laluben bango ta dafa. Wanda ya zana zauren nan bai taɓa tunanin za a yi bincike a cikinsa ba, daga baya aka cusa na'ura a lungu, layi ya toshe ƙofar shiga.

Ba binciken nake ƙi ba, a bincika mu. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Waɗanda suka far wa filin jirgin Kaduna ranar 26 ga Maris 2022 ba ta geti suka shigo ba, ba su bi layi ba. Ta daji suka ɓullo wajen titin jirgi, suka kashe mai gadi. Shekara guda kafin nan, a Maris 2021, 'yan bindiga sun shiga rukunin gidajen ma'aikatan filin sun kwashi mutane. A 2005 jirgin Air France ya afka wa garken shanu a kan titin sauka a Fatakwal. Shanu fa! Inda saniya ta ratsa, mai bindiga zai gagara?

Tsaron filin jirgi tun a takarda ake fara shi, kafin a zuba bulo ɗaya. Katanga mai ƙwari da ta zagaye fili kaf, hanyar sintiri a jikinta ta ciki wadda mota za ta iya bi ko da damina, fitilu da kyamarori, sarari fetal a bayan katangar yadda ba mai laɓewa, gidajen ma'aikata a inda ɗauki zai isa da wuri. Wannan ba sabon ilmi ba ne, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta daɗe da shimfiɗa ƙa'idojinsa. Mu kuwa sai an gama gini, an yanka kirtani, jini ya zuba, sannan a kawo durom da buhunan yashi a ce an ƙara tsaro.

Abin da ya fi ƙona min rai, a nan Zariya kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take, tun 1964. Mu muke jin ƙugin ƙananan jiragenta a kan Palladan da Samaru, a nan ake horar da matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage. Amma dubi yadda gari ya kewaye filin. A 2021 aka rushe gidaje a unguwar Graceland, aka ce a filin kwalejin suke. Iyalai suka kwana a waje da kayansu. Ina masu alhakin suke lokacin da ake yanka fulotai, ana haƙa fandisho, ana ɗora kwano? Da an killace iyakar tun farko, wa zai zuba gumin shekarunsa a wurin?

Duk wanda zai sa hannu a kwangilar sabon fili ko faɗaɗa tsoho, a tambaye shi kuɗin katanga da hanyar sintiri kafin a tambaye shi launin tayil. In babu su a zanen, kada a saki ko kwabo.