Kowa a Yamai ya zama ɗan sanda

Wallahi na gaji da masu lissafin sa'o'i! Kwana tara ke nan da ɓatan wata budurwa a unguwarmu, uwarta ko ruwa sai an lallaɓa take sha, amma kowace fada ta koma ofishin bincike. Wannan ya rantse ya gan ta bayan azahar a kasuwar Katako, wancan ya ce ƙarya ne, da la'asar tana cikin takisi bisa gadar Kennedy za ta Harobanda, mai shayi kuma yana zuba kofi na uku yana cewa ai tun da hantsi ta shiga mota a tashar Wadata. Mutum ɗaya ce ko tsuntsuwa, da za ta sauka wuri uku a yini guda? Ga saƙonnin murya a WhatsApp, minti bakwai-bakwai, wai an gan ta a kan layi ƙarfe 11 na dare, to kai ke riƙe da wayar? Wanda bai san ranar da aka raɗa wa ɗansa suna ba, shi ne yau ya haddace minti nawa ta yi wajen tela! Jiya wata ta shigo gidan, ko "ya haƙuri, Inna" ba ta ce ba, sai "da wane zane ta fita?" Ka ce su je su gaya wa 'yan sanda abin da suka gani, nan take kowa ya tuna yana da aiki. Ita kuwa Inna tana bakin ƙofa da carbi, duk motsin takalmi sai ta ɗaga kai.