Shebur Ɗin da Na Saya a Bronx

Talata 20 ga Maris 2018 kalandar Amurka ta ce hunturu ya ƙare, ni kuma na yarda. Tun ranar Lahadi na cusa rigunan sanyi cikin buhu, na ce wa uwargida an gama. Sai ga sanarwa wai wata dusar ƙanƙarar na tafe, ta huɗu ke nan cikin wata guda, har an ce yaran New York ba makaranta gobe Laraba. Kun san doka, kowane gida shi ke share gabansa, in ba haka ba tara, kuma a gidanmu da ke yankin Bronx na New York ni ne mai shara saboda ɗan ragin haya.

To shebur ɗina yana wajen Alhajin da ke zaune a saman benenmu tun Janairu. "Ɗana, ara mini na minti biyar." Wannan Alhajin dai da ya ari tukunyar uwargida ranar suna ya dawo da murfi kawai. Kullum muna sahu ɗaya a masallaci, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi har ciwon bayana, amma bai taɓa ambaton shebur ba. Ni kuma kunya ta hana ni. Ya girme ni da nisa.

Na zura jallabiya da silifas na nufi kanti. Jama'a kamar jajibirin Sallah, an kwashe burodi da madara, sai ka ce za a yi wata uku a kulle. Shebur ya ƙare, gishirin zubawa a hanya ya ƙare. Abin da ya rage wani ɗan ja ne na roba, na wasan yara, tsawonsa bai kai ƙuguna ba. Na saya, na haɗa da kiret ɗin ƙwai don kada a ce shi kaɗai na fito nema.

Hanyar gida ta gaban masallaci ta bi, an idar da Magariba, mutane na sa takalma. Na ce bari in yi sauri in wuce. Akwai wata tsohuwar ƙanƙara da ta daskare bakin kwata, baƙa wuluk, ban gan ta ba. Ƙafar dama ta yi gaba. Ta hagu ta ƙi bin ta. Na ɗan yi rawa a tsaye, har na ji wani ya ce "A'a, a'a," sannan na zauna daɓas, jallabiya ta koma wuya, dogon wandon barcin nan mai zanen fulawa ya gaida jama'a. Silifas ɗaya ya shige ƙarƙashin mota. Ƙwai kuwa a kan cinyata suka ƙare. Shebur ɗin yaran bai bar hannuna ba, na ɗaga shi sama kamar tuta.

"Sannu Malam, sannu," ta ko'ina, kowa na cije leɓe. Sai ga Alhaji ya ratso, ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Ɗana, wannan ai ba zai yi aiki ba. Da ka yi magana, ina da babba a sama."

Na ce, "Na gode, Alhaji."

Dusar ta zo Laraba, inci 8 da ɗoriya aka auna a Central Park, babban filin shaƙatawa na New York. Da ɗan jan na fara, ya karye, na ƙarasa da tiren uwargida. Tiren ma ya lanƙwashe, har yanzu ba mu gama wannan maganar ba.