Sifirin a Gidan Dakta

Ranar 21 ga watan Maris da hantsi, rana ta riga ta fara gasa kwanon gidajen Kano, sai ga Dakta ya fito tsakar gida sanye da rigar sanyi, yana riƙe da butar ban ruwa.

"Baba, albishirinka! Sifirin ya shigo."

"Goro, ranka ya daɗe," in ji Baba mai lambu, yana share gumi da hularsa. "Na mota ne ko na gado? Idan kuma asfirin ake nufi, a taimaka mini da ƙwaya biyu."

"Lokaci ne, Baba! A Ingila, inda na yi shekara huɗu ina karatu, a irin wannan makon ne dare da rana suke yin kunnen doki, sanyi ya ja da baya, itatuwa su fara toho, tsuntsaye kuma su cika lambu da waƙa."

Shekara huɗun nan, a lissafin Hajiya, wata tara ce, amma ba a yi wa Dakta gyaran lissafi a gidansa.

"To, mu a nan bazara muke ce masa, kuma tsuntsun da na gani ɗazu a gindin randa yake, baki buɗe, yana haki. Da an bar ni na yafa alayyafo, na kafa reshen zogale, da nan da mako huɗu Hajiya ta daina aika yaro kasuwa."

"Alayyafo! Baba, ina yi maka maganar tulif, furen da ake binne ƙwayarsa kimanin miliyan 7 kowace shekara a lambun Keukenhof na ƙasar Holan, kai kuma kana yi mini maganar miya. Ƙwayar nan ba ta fure sai ta sha sanyi, shi ya sa na ajiye nawa a firji har mako 12 kafin mu binne su."

"Allah ya ƙara ilimi. Sai dai kura biyu ta ɗan garuwa suke shanyewa kullum."

Dole ne a sayi ruwan, domin rabon famfon gidan da ɗiga tun kafin a yaye autan Hajiya, ko da yake takardar kuɗinsa ba ta taɓa yin ɓatan hanya ba.

Dakta ya durƙusa a bakin fangali, ya gyara tabarau, sai ya ƙwala kira. "Hajiya! Hajiya, fito ki ga ikon Allah! Ya tsiro! A ɗauko mini waya, yau mutanen Facebook za su san cewa akwai lambu a unguwar nan."

Baba ya tsinki kan ganyen, ya murza shi a yatsa, ya kai hanci. "Ranka ya daɗe, ashe Turawa ma da tulif suke soya ƙwai?"

Hajiya ta fito da ludayi a hannu, ta leƙa, ta yi gyaran murya. "Dakta, tun da abin ya fito fili, gara in faɗa. A watan Janairu da aka ɗauke wuta kwana tara, firjin ya koma kabad, kayanka suka ruɓe har wari ya kama man shanuna. Da na ga ba zan iya da jawabinka ba, sai na aika 'Yankaba aka auno mini ƙananan albasa, na zuba a cikin ledar."

Aka yi shiru, ba a jin komai sai kukan akuyar maƙwabta, wadda ta daɗe tana nazarin lambun ta ƙasan ƙofa.

"Ba ku fahimci kimiyya ba," in ji Dakta, bayan ya sake gyara tabarau. "Tsiro yana ɗaukar ɗabi'ar ƙasar da ya samu kansa a ciki. Wannan tulif ne da ya saba da Kano."

"Haka ne, ranka ya daɗe, ya saba ƙwarai, har ya fi wasu. A ci gaba da ban ruwa?"

"Kura uku daga yau, kuma kada wanda ya taɓa shi sai ya yi fure."

"To, a yafe mini ganye biyu," in ji Hajiya, ta riga ta sunkuya. "Dambu nake yi."