Barkonon tsohuwa ma yana kisa, a daina raina mana hankali

To, ga abin da kakakin 'yan sanda ke faɗa a wani bidiyo kan yadda suka tarwatsa taron jama'a. Wai su ba su harba harsashi mai rai ba, barkonon tsohuwa ne kawai da harsashin roba. Madalla! Sai a je a gaya wa uwar yaron da ke kwance da fasasshen kai ta kwantar da hankalinta, abin da ya same shi ba ya cikin jerin masu kisa. Abin da ya fi ba ni haushi ma masu tafi a ƙasan bidiyon, wai ai an yi sassauci.

Sassaucin me? Kowane ɗaya cikin kayan nan yana da nisan da aka ƙayyade masa, da inda ake saitawa a jiki, da wurin da ba a taɓa amfani da shi. Wanda ya karya ƙa'ida ɗaya ya mayar da shi makamin kisa, ko da me aka rubuta a jikin kwalinsa.

Ɗauki barkonon tsohuwa. Ƙurar sinadari ce mai suna CS, a cikin gwangwanin ƙarfe da ake cillawa da bindiga mai faɗin baki milimita 37 ko 40. Ƙa'ida ita ce a ɗaga baki sama, gwangwanin ya sauka a gefen taro, a duba inda iska ke kaɗawa, a kuma bar wa mutane hanyar gudu. Idan aka miƙe bakin bindigar saitin kai, dunƙulen ƙarfe ne mai zafi ke tafe. Haka aka yi wa Berkin Elvan a Istanbul a 2013, yaro ɗan shekara 14, ya yi wata tara bai farfaɗo ba har ya cika. Haka aka yi wa matasa a Bagadaza a 2019, gwangwanin ya huda ƙoƙon kai. A rufaffen wuri kuwa ba a ma magana. A filin ƙwallo na Kanjuruhan da ke Indonesiya, ranar 1 ga Oktoban 2022, an harba shi cikin 'yan kallo, aka yi turmutsitsi a ƙofofi, mutum 135 suka rasu, alhali dokar FIFA ta hana shiga da shi filin wasa. Su ma ba harsashi mai rai ne ya kashe su ba, ko?

Harsashin roba kuma sunan ne ke yaudarar mutane. Wani robar ce mai tauri, wani ƙarfe ne aka lulluɓe. A kusa ƙarfinsa ya isa ya fasa ƙashi, a nesa kuma ba ya bin saiti, sai ya sauka a idon wanda bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa jagorar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta ce a saita mutum guda da ke ƙoƙarin illata wani, a ƙafa ko ƙasan ciki, ba a watsa cikin jama'a ba. A Ireland ta Arewa harsashin roba da na filastik sun kashe mutum 17, takwas yara ne. A Chile a 2019 ɗaruruwa sun samu rauni a ido, Gustavo Gatica ya rasa duka biyun. Faransa ma da ake ganin ta waye, bindigarta LBD 40 ta tsiyaye idanun masu zanga-zangar riguna ɗorawa.

Ga kuma masu cewa a raba wa kowane ɗan sanda Taser, wato bindigar lantarki, a huta. Ƙusoshi biyu take harbawa, kowace da siririyar waya, kuma dole su biyun su kama jiki kafin lantarki ya zagaya na daƙiƙa biyar. Ɗaya ta kauce, ko riga mai kauri ta tare, shi ke nan ba ta yi komai ba. Idan an matso kusa da yawa ƙusoshin ba sa warwatsuwa, sai zafi kawai, jiki bai sandare ba, ka ƙara harzuƙa mutum. Idan ta kama kuma faɗuwa yake kamar an sare itace, kai ya bugi kwalta. Wanda ya jiƙe da fetur wuta zai kama. Ana yi mata launin ɗorawa, a rataye ta a ɓangaren da ba na bindiga ba, duk don kada hannu ya ruɗe. Duk da haka a 2021 a Minnesota 'yar sanda mai shekara 26 a aiki ta zaro bindiga tana ihun Taser, ta kashe Daunte Wright.

Na san abin da za a ce: to 'yan sanda su tsaya a kashe su? Wa ya ce haka? Yawancin 'yan sandan Ingila kulki, ankwa da feshin barkono suke yawo da su, bindiga tana hannun runduna ta musamman da ake kira idan ta ɓaci. A New Zealand bindigar na kulle a mota. Iceland sai 2013 'yan sandanta suka fara harbe mutum har lahira. Idan kun ce ai waɗannan ba su da 'yan ta'adda, to Jamus fa? Kowane ɗan sanda da bindiga a ƙugu, amma sai ya yi shekara biyu zuwa uku yana karatu kafin a sake shi titi. A Amurka 'yan watanni ne, kuma duk shekara sai 'yan sanda sun harbe mutum wajen dubu har lahira, ga Taser ga barkono ga komai rataye a ɗamara. Don Allah, ina roƙo da gaske, duk lokacin da aka ce kayan ba masu kisa ba ne, ku tambaya: daga mita nawa aka harba, ina aka saita, wa ya ba da umarni, an bar ƙofa a buɗe?

Af, Japan ma suna da wata doguwar sanda mai baki biyu, sasumata, tun zamanin masu takobi. Mutum biyu ko uku su tokare mai wuƙa da bango ba tare da sun matsa kusa ba. Har a makarantu ake ajiye ta, malamai na atisaye da ita. Mutum ɗaya dai ba ya iyawa, mai ƙarfi zai kama bakin ya murɗe ta daga hannunsa.