Gaskiya Nawa, Ba Ragi?

Rumfar Wanzami, bakin tashar jirgin ƙasa ta Ringim, kakar 1957. An jibge buhunan gyaɗa ana jiran jirgin da zai sauko daga Nguru ya kwashe su. Marowaci na zaune a kan turmi ana yi masa askin rabin kai, don rabin kuɗi ya ce zai biya. Tsohon Soja, wanda ya yi yaƙi a ƙasar Bama (Burma), na gefe yana goge lambarsa da toka. Sai ga Ɗan Boko, alƙalami uku a aljihu, biyu babu tawada.

MAROWACI: Kai yaro, takardar nan da ka soke a hammata, ta haraji ce in tashi?

ƊAN BOKO: Barka da hutawa, Baba. Jarida ce. Gaskiya Ta Fi Kwabo.

MAROWACI: Na san ta fi. Takardar nake tambaya.

ƊAN BOKO: Sunanta ke nan. A Zariya ake buga ta, tun 1939.

MAROWACI: Akwai kuɗin gyaɗa a ciki?

ƊAN BOKO: Babu abin da babu.

MAROWACI: To karanto mu ji.

ƊAN BOKO: Sai dai ka saya, Baba. Na gama da ita, zan bar maka a kwabo.

MAROWACI: Tsaya, Sarkin Aska, ɗaga askar. Yaro, da bakinka ka ce ta fi kwabo?

ƊAN BOKO: Haka aka rubuta.

MAROWACI: Kuma za ka sayar a kwabo. To duk wanda ya sayar da abin da ya fi kwabo a kan kwabo, ko dai kayan sata ne, ko an yi masa algus. Wanne ne a ciki?

ƊAN BOKO: Baba, suna ne kawai.

MAROWACI: Ashe gaskiyar ma suna ce kawai. To na saya ɗari.

ƊAN BOKO: Albarka.

MAROWACI: Ka yago mini rabi. Rabin gaskiya ya ishe ni. Ko gaban alƙali ba a faɗinta duka, in kana son ka kwana a gida.

WANZAMI: Baba, ka daina motsi, kada in aske ɓangaren da ba ka biya ba.

MAROWACI: In ka aske, kai ka so.

Saboda 'yan bayan naira: anini goma ne kwabo, ɗari rabin kwabo ne, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Wato a fam ɗaya akwai anini 2,400, kuma Marowaci ya san kowannensu da fuska.

MAROWACI: To bar rabin. Waɗannan manyan baƙaƙen na sama, su kaɗai, anini biyu.

ƊAN BOKO: Wa ke karɓar anini yanzu? Ko almajiri ka ba shi sai ya dube ka.

MAROWACI: Kun ji ko? Kun ji lalacewar zamani? Anini da kafin yaƙin Hitila nake shiga kasuwa da shi in fito ina sakace! Yau kananzir ya hau, akoko ya hau, ashana sai ka tsaga tsinke biyu. Goro kuwa, tunda Gwanja ta samu mulkin kai a watan Maris ta koma Ghana, ya ɗauki girman kai. Da goron talaka ne, yanzu goron Nkrumah ne.

TSOHON SOJA: A Bama ba ma cin goro. Harsashi muke tauna.

MAROWACI: Wallahi in aka tafi a haka, ku rubuta ku ajiye, jikokinmu sai sun sayi kwanon gero sule goma!

Rumfar ta kwashe da dariya. Wanzami har da jingina da gungume yana share hawaye, wai tsufa ya fara taɓa Baba. Sule goma dai shi ne ya zama naira ɗaya da aka yi canjin kuɗi a 1973. Mai karatu, ɗauki naira ɗaya, in ka samo ta, ka nufi 'yan hatsi. In ka dawo ka ba mu labari.

WANZAMI: Baba, in labari kake so ba ko anini, je ka ƙofar Hakimi da almuru. Akwatin rediyo ya saya. Tun watan Maris ɗin nan mutanen BBC ke Hausa daga Landan, rangaɗaɗau, kamar a Fagge aka yanke musu cibi.

MAROWACI: Na je. Dogari ya ce mai tsayuwa kusa sai ya yi gaisuwa, mai tsayuwa nesa kuma iska kawai yake ji. Ban da haka, duk abin da Bature ya aiko maka kyauta tun daga Landan, ka jira shi a takardar haraji.

TSOHON SOJA: Miƙo nan, yaro. Ni na karanta wa Baba. A Bama ni ke karanta wa Manjo wasiƙar matarsa.

Ya karɓa, ya buɗe, ya miƙar da hannu can nesa, ya kanne ido ɗaya kamar mai saitin bindiga.

TSOHON SOJA: Inna lillahi! An yi ɓarna. Dawakai sun fi ɗari, duk ƙafafunsu a sama. Wannan aikin Japan ne, na san hannunsu.

ƊAN BOKO: Saje, a kife ka riƙe ta.

TSOHON SOJA: Haka ake riƙewa a soja, don kada abokan gaba su leƙa. Kai ina ka je? Ko Zariyar ka taɓa zuwa?

Ɗan Boko ya fizge abarsa, ya zauna, ya shiga karatun zuci. Can ya ce "Ikon Allah!" Can ya girgiza kai. Can kuma ya ce "Ashe haka ne?" ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Marowaci ya juya masa baya. Ya sake juyowa. Ya yi tari. Ya tambayi Wanzami ko shi ma ya ga kamar leɓen yaron ya ce "gyaɗa".

MAROWACI: Yaro, anini takwas.

ƊAN BOKO: Ikon Allah!

MAROWACI: Tara. Kuma in yi maka addu'a.

ƊAN BOKO: Kai, kai, kai. Manoma dai!

MAROWACI: Manoma me? Manoma me? Kawo! Allah ya isa tsakanina da Zariya.

Fitar da kwabon ya ɗauki lokacin da za a yi wa mutum uku aski. Ya sa kowa ya juya baya. Ya ɗaga riga, ya ɗaga taguwa, ya ɗaga 'yar shara, sannan aka kai ga igiyar da ya zarge kwabbai masu huji ya ɗaure a ƙugu. Ƙulli bakwai ne, na ƙarshen da haƙori ake kwance shi. Ya zaro ɗaya, ya ga sabo ne, ya mayar. Ya zaro wanda ya fi kowanne siɗewa, ya goga a goshi, ya kara a ido yana leƙen Ɗan Boko ta hujin.

MAROWACI: Shekara huɗu muna tare. Ka yafe ni.

ƊAN BOKO: Ba komai, Baba.

MAROWACI: Ba da kai nake ba.

Ya karɓi jarida, ya shinshina, ya ƙirga shafukan sau biyu, ya auna nauyinta a tafin hannu.

MAROWACI: To, karanto.

ƊAN BOKO: Jarida ka saya, Baba. Karatu daban ne. Taro.

MAROWACI: Taro! Jaki kwabo, akumari taro?

ƊAN BOKO: In ba haka ba ka zo ajin yaƙi da jahilci da nake koyarwa bayan la'asar. Wata kaɗan ka iya da kanka. Kyauta ne.

MAROWACI: Nawa ake biyan wanda ya zo?

ƊAN BOKO: Ba a biya.

MAROWACI: In ba ku lokacina, in ba ku jahilcina da na gada tun kaka da kakanni, in tashi hannu rabbana? Sarkin Aska, ka san abin da na lura? Yaron nan bai iya karatu ba. Motsa baki kawai yake. Alƙaluman ma aro ne.

ƊAN BOKO: Ni? Ni da na gama elemantare?

MAROWACI: Saje ya fi ka. Shi ko ba komai ya ga dawakai.

TSOHON SOJA: Na gani da idona.

ƊAN BOKO: Kawo nan!

Ya miƙe tsaye, ya gyara murya irin ta mai shela, ya zuba karatu ba waƙafi ba aya. Labarin Sarauniyar Ingila ne, Elizabeth, ta sauka Kaduna, an yi mata hawan daba, sarakunan Arewa sun fito da dawakai da 'yan lifidi, Sardauna na wurin. Jin an ambaci Sarauniya sai Tsohon Soja ya ƙame, ya sara wa buhunan gyaɗa. Marowaci kuwa ya lumshe ido yana jin daɗin taron da bai biya ba.

TSOHON SOJA: Gobe zan hau jirgi. Ta san ni. Ubanta na yi wa aiki.

WANZAMI: Saje, sauke hannun. Wace Sarauniya kuma? Wadda ta zo bara cikin Fabrairu ta koma? Ai dokin Hakimi da aka kai Kaduna ya dawo, ya rame, ya warke, har ya sake ramewa.

MAROWACI: Yaro. Ta yaushe ce?

ƊAN BOKO: Ta... 1956 ce, Baba. Amma ai gaskiya ba ta tsufa.

MAROWACI: Kwantai! Gaskiyar bara ka sayar mini a kuɗin bana! To kuɗin gyaɗar fa? "Manoma dai" ɗin da kake ta girgiza kai?

ƊAN BOKO: Tausayinku kawai nake ji.

WANZAMI: Baba, ko ta yau ce me za ta ƙara maka? Hukumar ciniki ta yanka kuɗi, a buga a takarda, amma sikeli bai je yaƙi da jahilci ba. Kai ka ɗora buhu, malamin sikeli ya ɗora ƙafa, yaron dillali ya cire na buhu, mai unguwa na tsaye da rasit. Shi ya sa Malam Aminu yake cewa...

Wani ɗan doka ya gifta ta bakin rumfar.

WANZAMI: ...a riƙa aski a kan kari. Ranka ya daɗe, barka da rana!

MAROWACI: Ba ni kwabona.

ƊAN BOKO: Ciniki ya faɗa, Baba. Ga shaidu.

MAROWACI: To mayar da karatun da ka yi, in mayar da jin da na yi.

Ana cikin haka Iya Mai Ƙosai ta sauke kwaryarta a bakin rumfa. Akawunan tasha sun dame ta, wai su ba sa cin ƙosai a ganye, sai a takarda, kamar ganyen ne ya hana su ƙarin girma.

IYA: Malam, wannan takardar in ba ta da amfani ba ni in ƙunsa ƙosai.

MAROWACI: Ba ta da amfani? Sarauniya ce a ciki sukutum, da dawakai. Sisi.

IYA: Sisi a gidan wa? Ɗari.

MAROWACI: Iya, ji tsoron Allah. Ta fi kwabo. Rubuce yake a goshinta. Yaro, ƙarya nake?

ƊAN BOKO: Haka aka rubuta.

MAROWACI: Ga malamin gwamnati ya shaida. Ga sojan Sarkin Ingila.

TSOHON SOJA: A Bama sule ce.

Aka ja, aka ja, Iya ta ɗauki kwarya sau biyu tana ajiyewa. Daga ƙarshe aka daidaita a ahu, kwabo da ɗari ke nan, da gyaran ƙosai biyu. Ya ci ɗaya, ya jefa ɗaya a aljihu saboda baƙi. Ya sa aka sake juya baya, aka sake bin ƙulli bakwai.

MAROWACI: Ashe mutanen Zariya ba su yi ƙarya ba. Ta fi kwabo. Da ɗari.

WANZAMI: To tunda an ci riba, zauna in ƙarasa ɗaya ɓangaren.

MAROWACI: Hula ta rufe. Yaro, zo nan, rage murya. A ɗakinka akwai ta bara waccan?